Mai Hoto da Ɗan Fari: Yadda Fuskar Jariri ta Shiga Takarda Tsakanin Gidan Rumji da Gazawa

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi gabas, takan bi ta Gidan Rumji da Tsibiri, ta gitta bakin Maraɗi, sa'an nan ta miƙe zuwa Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta kai Tasawa. Dama da hagunta kasuwannin mako ne, kowace da ranar da take ci, kuma tun zamanin da gyaɗa take da daraja akwai mutanen da abincinsu yake cikin bin waɗannan kasuwanni: ƴan koli, da wanzamai, da masu gyaran rediyo, da dillalan dabbobi. A cikinsu akwai wanda masana tarihi ba su cika waiwayarsa ba, wato mai hoto na yawo. Shi ne ya fara sa fuskar talakan karkara a takarda, fuskoki dubbai na mutanen da bai san su ba sai a bakin ciniki. Amma fuskar da ta fi yi masa wuyar kamawa tana cikin gidansa, ita ce ta ɗansa na fari.

Kafin hoto ya zo, fuskar jariri ita kanta ce takardar. Gobirawan da suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Katsinawan da suka riga su zama a Maraɗi bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina, mutane ne da yaƙi ya tarwatsa. A ƙasar da hari da kamun bayi suka zama ruwan dare, sanin ɗan wane ne yaro ba ƙaramin abu ba ne. Wanzami ne yake rubuta wannan shaida da aska, ranar suna ko jim kaɗan bayanta, kuma duk inda Bagobiri ya shiga, kumatunsa sun riga bakinsa faɗin asalinsa. Uba ne mai biyan wanzami, amma ba shi yake riƙe yaron ba. Tsofaffin mata ne suke riƙe shi, uban yana can ƙofar gida wajen rabon goro.

Kyamara ta fara ratsa wannan ƙasa a hannun Turawa. Tawagar Kyaftin Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi tsakanin 1906 da 1909, ta sauka a garuruwan yankin, kuma tafintanta, Landeroin, ya tattara tarihin sarakunan Gobir da na Katsina daga bakin fadawa. Abin da idon baƙo ya nema a wancan zamani shi ne sarki da dokinsa, da ganuwa, da kasuwa. Idan jariri ya fito a hoton Turawa, to, a bayan uwarsa ya fito, ba suna, an rubuta sunan ƙabila kawai a ƙarƙashi. Abin da mulkin ya fi buƙata daga gidan talaka kuwa ƙidaya ce, saboda lanho da aikin tilas da ɗibar yara zuwa lakwal. Magidanci ya gane tun da wuri cewa yaron da kumandan bai rubuta ba, ba za a zo nemansa ba.

Katin shaida ne ya haifi sana'ar mai hoto a karkara. Bayan samun mulkin kai a 1960, mai neman aiki, da mai shiga soja, da mai niyyar Makka, da mai tafiya nesa, duk sai da ƴar fuskarsu a manne a takarda mai hatimi. Waɗanda suka fara riƙe sana'ar a biranen Nijar yawancinsu daga kudu suka zo. Binciken Érika Nimis ya nuna yadda Yarabawa suka bazu da ita cikin biranen Afirka ta Yamma, har da Yamai, kuma shahararren mai hoton wannan birni, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, shi ma daga bakin teku ya zo. Wanda aka fi sanin labarin yawonsa cikin ƙauyuka shi ne Cornélius Augustt Azaglo, da ya zauna a Korhogo ta arewacin Kodebuwa, yana hawa keke yana bin garuruwa a shekarun 1960 yana yi wa manoma hoton katin shaida; Jean-François Werner ya rubuta tarihinsa, hotunansa kuma sun tsira. Takwarorinsa na ƙasar Maraɗi irin wannan aiki suka yi, samari ne da suka yi yarantar shago a birni, sa'an nan suka fita neman nasu.

Na'urar da ta fi dacewa da kasuwar ƙauye akwati ne na katako mai ƙafa uku, wanda kafinta zai iya haɗawa in an samo masa gilashin ido. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar fim. A zaunar da mutum a rana, a rataya baƙin zane a bayansa, mai hoto ya cire murfin idon, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Cikin akwatin akwai ƴan tasoshi biyu na ruwan magani, shi kuwa yakan cusa hannu ta wani hannun riga da aka ɗinka a jikin katakon, ya wanke takardar cikin duhu, da lalube. Abin da ke fitowa da farko juyayye ne: baƙin mutum ya koma fari fat, farar riga ta koma baƙa ƙirin. Sai a manna shi a wani ɗan allo gaban idon a sake ɗauka, sa'an nan kamannin gaskiya su bayyana. A ɗauraye a bokiti, a yanke da almakashi, a miƙa wa mai shi tun takardar da sauran danshi.

To, a dubi rayuwar irin wannan saurayi a shekarar da matarsa ta ɗauki cikin fari. Idan ciki ya kai wata bakwai ko kusa da haka, al'ada ta ce ta koma gidan iyayenta goyon ciki, can za ta haihu, can za ta yi wanka. Mai hoto ya koma gwauron ɗan lokaci, tuwonsa daga ɗakin uwarsa, kwanansa rabi a gida, rabi a zauren wani maigida a garin da kasuwarsa za ta ci gobe. Labarin haihuwa yakan tarar da shi ne a bakin aiki, ta bakin wani ɗan garin surukansa da ya zo sayar da akuya, wani lokaci bayan kwana biyu ko uku. Daga wannan sa'a kwanakin da suka rage masa kafin ranar bakwai ƴan kaɗan ne, ga lissafi yana jiransa: ragon suna, da goro, da zannuwan mai jego, da gero da kanwa da kayan yaji na kunu, da ƙafafun sa na ƙauri in da hali, da haƙƙin ungozoma da na wanzami da sadakar malamai, ga maroƙa waɗanda ba a gayyata amma ba sa makara. Wanda aka yi wa haihuwa da kaka ya taki sa'a, domin lokacin ne aka auna gyaɗa aka karɓi kuɗi, ake aure, samari suke neman kati don tafiya ci-rani, layi yake tsawo a gaban akwati. Wanda aka yi wa da damina kuwa ya shiga uku: kasuwa ba mutane, aljihu ba kuɗi, hadari ya rufe ranar da aikinsa ya dogara da ita, shi kansa kuma gonarsa tana jiran noma. A irin wannan lokaci ne ake jingine keke, mutum ya koma ɗaukar akwati a ka.

Akwai kuma itace, wanda masu ba da labarin suna sukan manta da shi. Mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, ta fari ma takan zarce, kuma itacen dafa wannan ruwa a wuyan miji yake. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da fari da sassabe suka bar gonakin yankin fili fetal, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Dabarar barin tohon kututture ya girma a gona, wadda ake kira sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo na mishan SIM ya shiga yaɗawa a ƙasar Maraɗi tun daga 1983, ita ce ta sa ƙauyuka irin su Ɗan Saga na ƙasar Agye suka yi suna a duniya. Masana sun auna amfaninta da yawan gero da tsawon itatuwa. Sabon uba kuwa ya auna shi da kuɗin itacen wanka.

Sai kunya, wadda ita ce ginshiƙin maganar. Bahaushe ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya yabonsa. In an tambaye shi lafiyar yaron sai ya kau da kai ya amsa a taƙaice. Uwar ma haka, ko fiye. Sau da yawa kaka ce take karɓe yaron bayan yaye, ya tashi a ɗakinta. Mutumin da yake wuni yana ce wa dattawa da hakimai su ɗaga haɓa, su dubo nan, kada su motsa, shi ne wanda in ya je garin surukai yakan jira duhu, ya durƙusa a zaure ya yi gaisuwa, ya ajiye abin da ya zo da shi, ya saci kallon jaririn a hasken fitila in an yi masa alfarma. Ya kafa ƙafa uku a tsakar gidan surukai da rana tsaka, ya ƙura wa ɗan farinsa ido ta cikin gilashi? Da an daɗe ana ba da labarin rashin kunyarsa a bakin rijiya.

Ko da ya cire kunya, na'urar ba za ta yarda ba. Akwati yana son rana da mutumin da zai daskare na ɗan lokaci, jariri kuwa ba ya jin umurni, mai jego kuma ba ta fita sai ta yi arba'in. Bayan haka ga tsoron baki da na maita, wanda ya sa ake rataya wa jariri laya, ake ajiye wuƙa wajen kansa, ake ƙin faɗin kyaunsa. Wannan tsoro ba daga banza ya zo ba. Binciken lafiyar iyali na 1992 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara 1000 da aka haifa, kimanin 318 ba sa kai shekara biyar, wato kusan ɗaya cikin uku. Uwar da ta sha binne ƴaƴa takan kira na gaba Ajuji ko Ayashe ko Bawa, ta nuna kamar ba ta damu da shi ba, don mutuwa ta wuce ba ta kula ba. Hoto kishiyar wannan dabara ne, domin shela yake yi cewa ga yaro nan, kuma ana ji da shi. Saboda haka akan jira sai ya iya zama, ko sai an yaye shi, ko ranar wata Salla da aka yi masa sabuwar riga, sa'an nan a ɗauke shi a cinyar kaka ko gwaggo. Wanda ya ga tsohon hoton yaro ba uwa ba uba a ciki, ya ce rashin ƙauna ne, bai san mutanen ba.

Arzikin da ya ciyar da sana'ar bai daɗe ba. Kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962 don cinikin gyaɗa, ya ga shekarun albarka a tsakiyar 1960, sai farin 1973 da 1974 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman, bai kuma sake komawa yadda yake ba. A 1984 wani farin ya haɗu da rufe iyakar Najeriya da Janar Buhari ya yi, har mutane suka sa wa yunwar sunansa. Takardar hoto da fim da magani duk daga waje suke zuwa, kuma hanyar Katsina da Kano ita ce mafi kusa ga ɗan Maraɗi. In ta toshe, akwati ya zama katako kawai. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da ake sayo wa daga Turai ya ninka a dare ɗaya.

Cikin waɗannan shekaru ne hoto mai launi ya shigo, ya kuma juya sana'ar. Injinan wanke hoto da aka kafa a manyan biranen Afirka ta Yamma tun daga shekarun 1980 sun sa duk wanda ya mallaki ƙaramar kyamara mai walƙiya zai iya zama mai hoto, ba tare da ya koyi sirrin magani ba. Walƙiya ta shiga ɗakin mai jego inda akwati bai taɓa shiga ba, kuma ta fi motsin jariri sauri. Mata ne suka buɗe ƙofar. Guy Nicolas ya yi dogon nazari kan yadda biki yake a ƙasar Maraɗi, inda kowace mace take riƙe da lissafin abin da aka kawo mata da abin da za ta mayar. Hoton taron suna ya zama ɗaya daga cikin shaidun wannan lissafi, wa ta zo, da wane zane, ta zauna kusa da wa. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, wadda wa'azinta ya iso Maraɗi bayan haka, ta yi ta sukar kashe kuɗin suna da cakuɗuwar taro, wasu malamai kuma ba su yarda da hoto ba sai na lalura. Duk da haka hoton suna ya bi hanyar kwalta daga birni zuwa Cadawa da Agye, daga nan ya gangara ƙauyuka.

Sabon tsarin yana da nasa ciwon. Fim ɗaya yana ɗaukar hoto 36, kuma mai hoto ba zai kai shi birni ba sai ya cika, domin kuɗin mota da na wanki ba su fita a rabin fim. Hoton da aka ɗauka ranar suna yakan kwana makonni a cikin kyamara, yana jiran aure a wani gari da Salla a wani. Yakan faru mai hoto ya dawo da ambulan a hannu ya tarar ana zaman makoki, yaron da ke cikin takardar an binne shi shekaranjiya. Wasu iyayen sukan karɓa su ɓoye a ƙasan akwatin tufafi, wasu su ce ya tafi da abinsa. In ɗansa ne ke kan fim ɗin, shi ma layin yake bi, domin cinikin wasu ne zai biya kuɗin wankin.

Ga yawancin yaran karkara dai, har ƙarshen ƙarnin da ya wuce, hoton farko shi ne na jarrabawar ƙare firamare. A aji na shida ne mushe yake tara takardu, a nan ake gano cewa yaro ba shi da takardar haihuwa, sai a nemi hukuncin alƙali mai maye gurbinta, a rubuta cewa an haife shi wajajen shekara kaza, wani lokaci a rage masa shekaru don ya shiga ƙa'ida. A kira mai hoto, a jera yara a jikin bangon aji, riga ɗaya mai kyau tana yawo daga wuya zuwa wuya. A 2006 kashi 32 cikin 100 ne kawai na ƙananan yaran Nijar aka yi wa rajistar haihuwa. A 2012 adadin ya kai 64, bayan dokar 2007 da ta kai wuraren shelar haihuwa kusa da ƙauyuka.

Shekarar 2005 ce ta kawo wa jariran yankin kyamarori irin waɗanda ba su taɓa gani ba. Fari da fara sun taɓa amfanin gona a 2004, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar cikin wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A watan Yuli gidan BBC ya nuna hotunan cibiyar jinya ta Maraɗi, ƴan jarida suka yi ta sauka. Hoton da Finbarr O'Reilly na kamfanin Reuters ya ɗauka a Tawa ranar 1 ga Agusta, na yatsun wani jariri a kan leɓen uwarsa, shi ne ya ci babbar kyautar World Press Photo ta shekarar. Shugaba Tandja Mamadou ya musa cewa akwai yunwa, kuma a 2008 gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Babu mai gardama cewa waɗannan hotuna sun jawo taimako, sun ceci rayuka. Amma abin da al'ada ta daɗe tana ɓoyewa daga idon maƙwabci, shi aka nuna wa duniya tsirara a kan sikeli. Kuma kusan babu uba a cikinsu. Wasu jaridun waje sun fassara wannan da cewa maza sun kulle rumbuna sun gudu. Mafi yawansu kuwa suna gona ko suna Najeriya neman abin da za su aiko, kuma zaman jinyar jariri a likita dama aikin uwa ne a al'adar.

Kamfanin Celtel ya fara aikin wayar salula a Nijar a 2001, wayar ta ɗauki shekaru kafin ta kai ƙauyuka, ta ƙara wasu kafin mai kyamara ta yi arha. Da ta yi, sai al'amarin ya juye. A da, mai tafiya shi ne mai ɗaukar hoto, gida kuma ba ya shiga takarda. Yanzu gida ne yake ɗauka ya aika wa matafiyi. Ɗan ci-ranin da ke Kano ko Legas ko Libiya, ko wanda ya bi zinariyar Jado da aka gano a 2014, yakan ga fuskar ɗansa ta WhatsApp kafin a yanka rago, ƙanin matarsa ko wata ƙawarta ce ta ɗauka. Tsaga tana ja da baya, mutuwar yara ta sauka zuwa 127 cikin 1000 a binciken 2012, tsoron nuna jariri ya ragu. Kunya kuwa ba ta mutu ba, wuri ta sauya: saurayi zai sa hoton ɗan farinsa a fuskar waya, amma in aboki ya tambayi sunan yaron sai ya yi dariya ya ce a tambayi kakarsa.

Yawon kansa ya yi wuya a yammacin yankin. Tun daga 2019 dubban mutanen da suka tsere wa ƴan bindiga daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo ƙauyukan Gidan Rumji, wasu hanyoyin bakin iyaka suka zama ba a bin su da dare, kuma ma'aikatan hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka zo da kwamfuta suna rajistar iyalai da hotunansu. Wanda ya gaji sana'ar mai akwati yana zaune ne a shago kusa da ofishin magajin gari ko na ƴan sanda, da kyamarar zamani da ƙaramin injin bugawa, yana yin hoton kati cikin minti kaɗan. Wani ɓangare na cinikinsa hotunan da ba shi ya ɗauka ba ne. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta a tasha, katin ajiya yakan lalace da duk abin da ke cikinsa, don haka mai shirin doguwar tafiya yakan biya ta shagon, ya miƙa wayar, ya nuna hoto ɗaya da yatsa ba tare da ya faɗi ko wane ne ba, ya ce a fitar masa a takarda, a rufe da leda.